Tambaya da Amsa: In jira HTML6, ko in ci gaba da abin da ke hannuna?

Jama'a, assalamu alaikum. Daga cikin wasiƙun da suka shigo wannan watan, uku sun taru a kan abu guda, wato harsunan da ake yi wa rubutu alama da su domin kwamfuta ta gane shi, irin su HTML da 'yan uwansa. Su na ware. Ta farko za ta fi cin wuri, domin abin da ke damun mai ita ya taɓa hana ni barci.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a unguwar Pantami, Gombe:

"Malam, ina wuni. Na gama difloma a fannin kwamfuta bara, ina zaune a gida, sai na ce bari in koyi haɗa shafin intanet ko Allah zai sa in samu abin yi. Takardar darasin da aka ba mu a makaranta nake bi, a cikinta akwai font da center da marquee, kuma da table ake tsara shafi. Na nuna wa wani ɗan ajinmu aikina, ya ce duk an daina yayin wannan, wai ma in dakata tukuna domin HTML6 na nan tafe, kada in sha wahalar banza. Malam, gwiwata ta yi sanyi. Idan abin da na koya yau gobe za a ce ya tsufa, yaya mutum zai yi ya riƙa bin sawu? Kuma daga ina zan fara?"

AMSA:

Lafiya lau 'yata, Allah ya yi albarka. Ɗan ajinku ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, ya kauce a ɗaya rabin. Gaskiya ne font (alamar launi da girman baƙi) da center (ta kawo rubutu tsakiya) da marquee (ta rubutu mai tafiya) sun fita daga ƙa'ida. Amma babu wani abu wai shi HTML6, kuma wanda ya zauna jiransa yana jiran gawon shanu ne. Yau ƙa'idar HTML ba ta da lamba. Takarda guda ce da ake yi wa gyara da ƙari a kai a kai, masu rubuta ta suna kiranta ƙa'ida mai rai. Kamar gidan gado ne da ake ƙara wa ɗaki a baya, zauren yana nan inda kakanni suka gina shi.

Bari in ba ki labarin yadda aka zo nan, domin ni a jikina na ji shi.

Na fara wannan harka ne ina yaron shago a wani gidan intanet nan cikin Gombe, zamanin da ake sayen awa, ana ajiye aiki a disket, in an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Wani mai zuwa shagon ya bar mini littafin HTML 4 na fotokwafi, gefen wasu shafukan ya cinye, sai dai ka yi hasashen harafin ƙarshe. Da shi na koya, da daddare bayan an rufe shago. HTML 4.01 ya fito ne a Disamban 1999 daga W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994. Shi ne mutumin da ya ƙirƙiro HTML ɗin tun yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Jeniba.

Ban gama narkar da littafin ba sai labari ya iso mana cewa HTML ya mutu, XHTML ne magajinsa. Shi wannan ya fito a Janairun 2000, kuma tsauri gare shi: kowace alama sai an rufe ta, kowane suna da ƙananan baƙaƙe, kuma idan aka aika shafin ta hanyar da aka tsara masa, kuskure ɗaya ya isa burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, ta ƙi nuna komai sai saƙon kuskure. Na yi watanni ina bin tsofaffin shafukana ɗaya bayan ɗaya, ina rufe kowace br ta sabon layi da kowace img ta hoto da 'yar sandar nan mai karkata. W3C kuma ta wuce gaba tana shirya XHTML 2, wanda ma ba zai yi jituwa da shafukan da ke duniya a lokacin ba. A nan ne aka rabu. A 2004 wasu injiniyoyi daga Mozilla da Opera da Apple suka ce ba za a yi watsi da miliyoyin shafukan jama'a ba, suka kafa ƙungiyarsu mai suna WHATWG, suka ci gaba da gyara HTML na asali. A 2009 W3C ta ajiye aikin XHTML 2 ba tare da an kammala shi ba. Aikin waɗancan injiniyoyin ne ya zama HTML5, wanda W3C ta tabbatar a Oktoban 2014, sannan ta fitar da 5.1 a 2016 da 5.2 a 2017. Ita kuwa WHATWG tun 2011 ta cire lambar daga tata takardar. Shekaru aka yi da takardu biyu, mai koyo bai san wadda zai bi ba, sai a Mayun 2019 ƙungiyoyin suka sa hannu a yarjejeniya cewa ta WHATWG ce kaɗai za a riƙa bi.

Ki lura da wanda ya yi nasara a wannan takaddama. Ɓangaren da ya yi alkawarin ba zai karya aikin mutane na baya ba, shi ne ya tsaya. Wannan alkawari shi ya sa nake gaya miki wahalarki ba ta banza ba ce. Jerin alamomin da Berners-Lee ya fara wallafawa a 1991 guda 18 ne, a cikinsu akwai title, da p ta sakin layi, da h1 zuwa h6 na kanu, da a ta mahaɗi, da ul da li na jeri. Duk suna cikin takardar darasinki, duk kuma da su nake aiki har safiyar yau. Ki rubuta info.cern.ch a wayarki, ki bi mahaɗin shafin farko da aka yi a duniya, za ki ga ya buɗe tas. Hatta center da marquee ɗinki burauza za ta nuna su, domin ƙa'idar ta wajabta mata girmama tsofaffin shafuka. Mu masu rubuta sababbin shafuka ne aka hana mu amfani da su.

Abin da ya mutu murus shi ne abin da ke hannun kamfani ɗaya. Na taɓa yi wa wata makaranta mai zaman kanta shafi, mai makarantar ya nace sai an sa hoton ƙofar makarantar tana buɗewa da kanta, da taken makaranta yana tashi. Da Flash na yi masa, wata manhajar kamfanin Adobe ta sa hoto mai motsi da sauti a shafi. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020. Wata rana da hantsi mai makarantar ya kira ni, na je ofishinsa, ya juyo mini da allon kwamfutar bai ce uffan ba. Inda ƙofar take sai wani fili fayau, babu komai. Amma a ƙasansa tarihin makarantar da sunayen azuzuwa da lambar waya, waɗanda na rubuta da p da ul kawai, suna nan daram kamar ranar da na sa su. Na ji nauyin mutumin ƙwarai, domin kuɗinsa ya biya, kuma ni ya amince wa. Tun daga ranar ban sake ɗora wa kowa aiki a kan abin da ba ya cikin ƙa'idar da kowa ke iya karantawa ba. Haka waɗanda suka riƙa yin shafi domin burauzar Internet Explorer kaɗai suka ji lokacin da Microsoft ta yi ritayarta a Yunin 2022.

To me ya sa aka kori font? Ki je kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ranar da motoci ke sauke kaya, ki dubi buhunan. Alamar da ke jikin buhu aikinta ta faɗi abin da ke ciki da mai shi: wannan wake ne, na wane. Ɗan dako da dillali da direba duk da ita suke aiki. HTML ke nan. Aikinsa ya ce wannan layin kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne, wannan hoto ne kuma ga abin da ke cikinsa. Batun launi da girman baƙi da inda abu zai zauna an ba wa wani harshe daban mai suna CSS, wanda ya fito tun 1996. Idan kika yi shafi arba'in da font, ranar da mai aikin ya ce a mai da kore shuɗi, wuri arba'in ko ɗari huɗu za ki bi. Da CSS layi ɗaya za ki taɓa. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi a wurina. Makaho yana karanta shafi ne da manhajar da ke furta masa rubutu, kuma yana tsallakawa daga kanu zuwa kanu kamar yadda mai ido ke ɗaga kai ya duba. Idan kin ƙara wa layi girma da font kawai, ke kina ganin kanu, shi a kunnensa babu wani kanu a wurin. Haka table: an yi shi ne domin jadawali, kamar sakamakon jarrabawa ko farashin kaya, kuma a nan har yau daidai ne. Amma idan kika zuba shafi gaba ɗaya a cikinsa, a waya sai mutum ya yi ta ja hagu da dama, alhali kusan duk wanda zai buɗe aikinki a Gombe da waya zai buɗe shi.

Yanzu ga yadda za ki gane tsohon darasi, a takarda yake ko a bidiyo. Dubi layin farko na misalin. Idan dogon layi ne mai ɗauke da PUBLIC da DTD da adireshin W3C, darasin ya kwana biyu. Na yanzu gajere ne, doctype html kawai. Kada dai ki cire shi gaba ɗaya, domin in babu shi burauza na komawa halin da take bi da shafukan shekarun 1990. Idan kika ga bgcolor ko align ko frameset, ko aka ce shafin ya fi kyau a burauza kaza, ki san zamanin da aka rubuta shi. Ba na ganin laifin malamin da ya ba ku takardar, mai yiwuwa shi ma ita aka ba shi. Amma ke da kika gane, ki wuce.

Inda za ki fara kuwa, ni MDN nake tura ɗalibaina, wato taskar bayanai da Mozilla ta fara a 2005. Kyauta ce, tana da sashe na musamman domin masu farawa, kuma kowace alama tana da shafinta da misali. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne, duk abin da aka daina amfani da shi za ki ga hoton kwandon shara a gefensa da gargaɗi a sama. Ki nemi font a can ki gani da idonki. Da Turanci take, wannan kuwa nauyi ne a kanmu mu da muka iya, amma Turancin misalan bai da zurfi. W3Schools ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba, yana da wurin da za ki canja misali ki ga sakamako nan take. Ki dai sani sunan ne ya yi kama, ba shi da alaƙa da W3C, na wani kamfani ne a Norwe. Ki koya a can, ki tabbatar a MDN. Idan kina son darasi mai bi da bi wanda zai tilasta miki rubutawa da hannunki, freeCodeCamp na nan, shi ma kyauta. Ɗaya za ki ɗauka ki bi shi har ƙarshe. Na ga yara da yawa sun tara bidiyo cike da waya, sun ƙone data, ba su taɓa rubuta shafi guda ba. Ita kanta takardar ƙa'idar ta WHATWG kada ki fara da ita, domin rabinta an rubuta shi ne saboda masu ƙera burauza. Sai kin yi nisa za ki riƙa komawa gare ta idan gardama ta tashi.

Bin sawun sabbin abubuwa bai kai yadda kike tsoro ba. Burauzoci suna fitar da sabon zubi duk bayan 'yan makonni, amma sabuwar alamar HTML sai a daɗe ba a samu ba. Alamar dialog, ta akwatin saƙo da ke fitowa a tsakiyar allo, sai a 2022 duk manyan burauzoci suka karɓe ta. Alamar search, ta sashen bincike a shafi, ta shigo a 2023. Kin ga tafiyar ta hawainiya ce. Abin da ya kamata ki tambaya game da kowane sabon abu shi ne: wayoyin mutanena sun iya shi? Akwai shafi mai suna Can I use, ki rubuta sunan abin, zai nuna miki jadawali, kore inda yake aiki, ja inda ba ya yi, har da layin Opera Mini da mutanenmu ke so saboda tsimin data. A cikin saitinsa kina iya zaɓar Najeriya. MDN ma yanzu yana sa wata shaida mai suna Baseline a saman shafi, tun 2023: tana nuna ko Chrome da Edge da Firefox da Safari duk sun karɓi abin, kuma sai ya yi wata 30 a haka kafin a ce ya wadata ko'ina. Ni wannan ta biyun nake jira kafin in sa abu a aikin da aka biya ni, domin wayar da ke hannun mai shago a Bajoga ko Dukku ba lallai ta ga sabuntawa ba tun da aka saye ta.

Shafin da kika riga kika yi, kada ki goge shi. Ki kwafe shi, ki cire duk font da center, ki mai da babban layin h1, ƙananan h2, ki sa wa kowane hoto bayaninsa a alt, ki fitar da kayan daga cikin table. Zai yi fari fat ba ado, kada ki damu, CSS zai tufatar da shi daga baya. Sannan ki kai shi validator.w3.org, ma'aunin da W3C ta ajiye kyauta, ya lissafo miki kurakurai da lambar layinsu. Ki gyara na farko ki sake aunawa, sau da yawa shi ne ya haifi goma na ƙasansa. Ki rubuto mini ki gaya mini guda nawa ya fara nuna miki.

TAMBAYA, daga wani malamin Islamiyya a Kumo:

"Malam, bayan gaisuwa. Ina rubuta darussa da Hausar boko, wasu kuma da ajami, wani ɗalibina ya sa su a shafin makarantarmu. Sai ga shi duk inda na rubuta ƙasa ya koma Æ™asa, ɗalibi ya koma É—alibi. Na ajamin kuma wasu baƙaƙen sun zama akwatuna, aya tana faɗawa a farkon layi. Yaron ya ce in haƙura in riƙa rubuta k da d da b zalla. Haka ne babu magani?"

AMSA:

Allah ya gafarta Malam, akwai magani, kuma layi ɗaya ne. Kada ka yarda a sauke wa baƙaƙenmu lanƙwasarsu. Kai da ke koyar da yara ka fi ni sanin nisan da ke tsakanin ƙasa da kasa, ko ɓari da bari.

Ga abin da ya faru. Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin Unicode ya ba kusan kowane harafi na duniya lambarsa, har da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Hanyar ajiya mai suna UTF-8 tana ajiye ƙ a gurbi biyu. Idan ba a gaya wa burauza cewa da UTF-8 aka rubuta shafin ba, tana iya ɗauko tsohon jadawalin harsunan Yammacin Turai, ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Gurbin farko a wancan jadawalin Æ ne, na biyu ™ ne. Shi ya sa ƙasarka ta fito haka. Rubutunka bai lalace ba, karatun ne aka yi da ƙira'ar da ba tasa ba.

Ka ce wa yaron ya sa alamar meta mai ɗauke da charset="utf-8" a cikin head, can sama, domin ƙa'ida ta ce ta kasance cikin gurbi 1024 na farkon fayil. Ya kuma tabbatar da UTF-8 ya adana fayil ɗin. Ko a Notepad akwai wurin zaɓa a ƙasan akwatin adanawa. Ina kyautata zaton daga tsohon darasi ya kwafo iso-8859-1, wanda babu baƙaƙenmu a cikinsa sam. Wannan yana cikin sauye-sauyen da suka yi mana rana: ƙa'idar yanzu UTF-8 ta wajabta wa kowa. Sannan a alamar html ta farko ya rubuta lang="ha", domin injin bincike da manhajar makafi su san Hausa ce.

Ajami abu biyu yake buƙata. Sakin layin da ke ɗauke da shi a sa masa dir="rtl", wato daga dama zuwa hagu, da lang="ha-Arab"; wannan zai mai da aya mazauninta. Akwatunan kuwa suna nufin salon rubutun da ke wayar ba shi da zanen wannan harafin. Ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta yi salo biyu kyauta da suka dace da mu, Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano. Ana iya haɗa su da shafin ta hanyar CSS yadda mai karatu ba sai ya sauke komai ba. Ranar da na fara ganin layin ajami da Alkalami a allon waya, mai kauri kamar an tsoma alƙalamin kara a tawada, na daɗe ina kallonsa.

Abu guda ne zai sa a sake bugawa: idan tun asali da irin tsohon salon nan aka rubuta darasin, wanda ake danna wani harafi dabam ya fito da siffar ƙ. Wannan a cikin fayil ɗin ba ƙ ba ce, kwalliya ce kawai. Madannin Gboard na waya yana da Hausa, da shi za a gyara.

TAMBAYA, daga wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Wunti, Bauchi:

"Yaya, ni ba ni da laftof, waya ce kawai. Wani lokaci ana ɗaukata aikin tattara bayanai da manhajar Kobo, a can nake jin ana cewa XML, wani kuma ya ce in koyi Markdown. Duk ɗaya ne da HTML? Wanne zan fara, kuma zai yiwu da waya?"

AMSA:

Ƙanena, ai ka riga ka fara. Duk ranar da ka sa kalma tsakanin taurari biyu a WhatsApp ta fito da kauri, alama ka yi wa rubutu. Markdown ɗan uwan wannan ne, John Gruber ya fitar da shi a 2004 domin a riƙa rubutu cikin sauƙi a mai da shi HTML. Alamar # a farkon layi kanu ce. Sai dai a Markdown tauraro ɗaya kowane gefe karkata rubutu yake yi, kauri sai biyu-biyu. Da yake bai zo da ƙa'ida mai tsauri ba, kowa ya yi nasa, har aka fito da CommonMark a 2014 domin a daidaita. Yini ɗaya ya ishe ka koyonsa.

XML kuwa ya fito a 1998, shi da HTML kakansu ɗaya, SGML na 1986, wanda shi ma ya samo asali daga aikin da Charles Goldfarb da abokansa biyu suka fara a kamfanin IBM a 1969. Bambancinsa shi ne kai ke raɗa wa alamomin suna gwargwadon bayanan da kake ajiyewa: gari, unguwa, yawan mutanen gida. Fom ɗin da kake cikewa a Kobo, a Excel ake yawan tsara shi, sannan a mai da shi XML kafin ya sauka a wayarka. Ko takardar Word mai ƙarewa da docx, ka canja ƙarshen sunan zuwa zip ka buɗe, XML za ka tarar a ciki. XML bai cika canjawa ba. Bugun ƙa'idarsa na biyar tun 2008 yake.

HTML za ka fara, domin shi ne za ka ga sakamakonsa da idonka a daren da ka fara, kuma wanda ya iya shi ya ga XML ba zai yi masa baƙo ba. Waya ta isa. Ka sauke manhajar rubuta kod irin Acode, tana nuna maka shafin nan take. A Chrome, idan ka rubuta view-source: a gaban adireshin kowane shafi za ka ga cikinsa, ka fara da na CERN da na ambata a sama, domin gajere ne. Saboda data kuma, akwai DevDocs, wanda ke ba ka damar sauke bayanan HTML da CSS sau ɗaya ka riƙa karantawa ba tare da intanet ba.

Aikinka na farko ya zama na shagonka: sunan shago a h1, ayyukan da kake yi a jeri, farashin sikirin da batir da bakin caji a table, tunda wannan jadawali ne na gaskiya. Ka sa meta ta viewport domin ya zauna daidai da faɗin waya, hotunan kuma ka rage musu nauyi ka sa musu loading="lazy" yadda ba za su sauka ba sai an gangaro kansu. In ka gama, ka tura wa maƙwabtanka uku na layin masu gyara, mai sabuwar waya da mai tsohuwa da mai Opera Mini, ka tsaya a kansu su buɗe a gabanka.